Ɗan Akwatin Gefen Sunan Yaya Usmanu

Lahadi, 9 ga Maris, 2008

Yau na gayyaci rabin Zamfara ɗaurin auren Hamida da yatsa guda. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara yi wa labarin kwaskwarima ba, don na san halina.

Matata Kubura ta ce a buga katin gayyata kamar yadda kowa ke yi. Na ce kati na mutanen da ne, ni mai sabuwar waya ne. Sunaye ɗari da tamanin da bakwai ke cikinta, don duk wanda na taɓa gyara wa injin ban ruwa, daga nan Anka har Gummi da Bukkuyum, sai na karɓi lambarsa. Bayan azahar na zauna rumfar shago na rubuta saƙo da hannuna: Sa'idu Mai Inji na gayyatar ku ɗaurin auren ɗiyarsa Hamida da Zayyad na Gummi, Juma'a 28 ga wata, bayan an sauko, a ƙofar gida. Sai wayar ta jero mini sunaye, kowanne da ɗan akwati a gefensa. In ka danna, alama ta faɗa ciki, irin wadda malami ke yi da jan biro in ka ci lissafi. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare ban taɓa ganin alamar nan da yawa a littafina ba, yau ga ni ina raba ta ga jama'a.

Mutum sittin nake nufi. Na kai arba'in da ɗaya, sai kira ya shigo, wani daga Gummi injinsa na tari. Da na sallame shi na koma, akwatuna fayau, ko alama ɗaya babu. Na sake daga farko. Na kai talatin, Kubura ta yi mini filashin don in tuna da manja. Suka sake gogewa. A karo na uku na ga wurin da ake sa wa kowa alama gaba ɗaya. Na ce madalla, in sa wa kowa, sannan in bi in cire waɗanda ba na so. Dabara ce mai kyau, har yanzu ina kan bakana. Sai dai babban yatsana ya riga hankalina, ya danna tura.

Na zauna ina kallo tana aikawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goro. Na danna ja, na danna kore, na yi mata magana da Hausa da Turanci. Ba ta tsaya ba sai da katin wayar ya ƙare, daidai ƙarshen harafin R.

Litinin, 10 ga Maris

Tun da safe waya ke kuka. Mai facin taya na Gummi ya ce in sha Allahu da shi da ƙannensa. Wani Bafulatani da na gyara wa inji sau ɗaya tak ya ce zai kawo nono. Wani mutumin da muka yi faɗa kan fulogin inji ya ce ashe ban riƙe shi ba, har muryarsa na rawa. Na ce haba, ai ni ba na riƙo.

Alhaji Sanusi kuwa, aminina wanda na roƙa ya zama waliyyin Hamida, bai sami komai ba, don da Sanusi na adana lambarsa. Uban ango ma haka, shi da duk wanda sunansa ya faro daga S zuwa ƙasa.

Wannan duk abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba.

Yaya Usmanu. Shekara shida ba mu ga juna ba, ba mu gaisa ba. Da Baba ya rasu aka raba gonar fadama ta Bukkuyum, na sayar da rabona ga wani baƙo ba tare da na fara yi wa Yaya tayi ba, shi da ya yi shekara talatin yana noma ta. Sai ganin mutum ya yi yana kafa turaku a tsakiyar gonar ubansa. Ya aiko mini cewa daga ranar ba shi da ƙane. Ni kuma na ce to. Ina gaggawar buɗe shago ne, abin da nake faɗa wa mutane ke nan, kuma rabinsa gaskiya ne.

Bara ƙanwarmu Saude ta ba ni lambarsa. Na adana ta da sunan Kada Ka Ɗauka, don in ya kira in gane. Bai taɓa kira ba. Da na rubuta Usmanu kamar mutumin kirki, da kati ya ƙare kafin a kai gare shi. Amma K tana gaban R. Saƙo ya tafi.

Kubura ta saki muciya ta dube ni. "Malam, kai da kanka ka tura mishi?"

Na ce yatsa ne.

"To yatsan na wa ne?"

Yanzu abu biyu ne. Ko ya ƙi zuwa, duk dangi su ce na kira shi ya watsa mini ƙasa a ido. Ko ya zo ya tarar na ba wani waliccin ɗiyar ƙanensa yana raye, ya tashi a gaban mutane ya faɗi abin da ya daɗe yana tarawa. Kowa ya sani a gidanmu wan uba ke ba da aure, uba sai dai ya zauna gefe ya yi ta amsa amin.

Hamida ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta ji labari wajen innarta. Ba ta yi dariya ba. Ta kawo mini ruwa ta ce, "Baba, Baffa ya amsa?" Na ce a'a. Ta ce to. Ta ɗan tsaya, ta fita.

Talata, 11 ga Maris

Bai amsa ba. Mutum goma sha tara sun amsa, ciki har da wanda na ɗauka ya rasu.

Laraba, 12 ga Maris

Na kai waya caji wurin taubashina Bature, wanda janaretansa ke ciyar da wayoyin rabin unguwa. Tun daga nesa ya miƙe yana yi mini jinjina.

"Ga mai gayyar duniya! Taubashi, har aljanun tsamiyar tasha sun ce suna tahe. Ni ɗai ka mance?"

Na ce B ce farkon sunansa, ya duba da kyau, sai dai in karatun ne ya gagara. Ya ce ya gani, amma ya ɗauka irin saƙon nan ne na an ci kyauta, ya goge.

Na zauna kan bencinsa na yi abin da nake yi wa inji in ya ƙi tashi: in bar zagi, in nemi inda ciwon yake. Na sa alama biyar, na ce Bature ya yi mini filashin. Suka goge. Na sa biyar, na ajiye waya har fuskarta ta yi duhu ta kulle kanta. Suka goge. Na sa biyar, na yi ta hawa da sauka cikin sunaye har ƙasa, na dawo. Suna nan daram. To ashe ga halinta. Tana riƙe abin da ka zaɓa muddin kana tsaye cikin jerin. Da zarar wani abu ya fitar da kai, ko kira ko barcinta, ta manta ta taɓa saninka. Kamar injin da ba shi da bawul ne, ka daina ja ruwa ya koma rijiya.

Bature ya ce in kashe waya kawai don kada a kira. Na ce in na kashe ta da me zan danna, da hanci? Ya yi shiru. Rabon da in ga Bature ya yi shiru tun ranar da aka cire masa haƙori.

Ina hanyar gida dabara ta faɗo mini.

Alhamis, 13 ga Maris

Alhamdu lillahi. A rubuta wannan rana.

Bayan gari akwai ramin da masu bulo ke haƙar ƙasa. Duk Anka an san in ka sauka cikinsa babu sabis ko ɗigo. Da hantsi na ɗauki tabarma da takardar sunaye na sauka. Masu bulo suka tsaya suna kallona. Ɗaya ya ce, "Malam Sa'idu, lahiya?" Na ce ofis na buɗe.

Na zauna a inuwar gefen rami na bi S zuwa Z a natse. Sanusi huɗu gare ni: Alhaji, da direba, da mai albasa, da wanda ban tuna ko wane ne ba. Na sa wa Alhaji, na tsallake sauran. Mutum ashirin da biyu cif. Ba mai iya kirana, ko Kubura da manjanta.

Saura fitowa. In na bar ta ta yi barci a hanya, aiki ya lalace. Sai na riƙa danna sama, danna ƙasa, sama, ƙasa, kamar mai jan carbi, ina hawa gangaren rami da hannu ɗaya, tabarma a hammata. Takalmina ɗaya ya zame ya koma ƙasa, ban waiwaye shi ba. Ina kaiwa gindin darbejiya sanda biyu na sabis suka tsaya, na duba alamomina suna nan, na danna tura da ɗan yatsan da na amince da shi, ba babban ba.

Ashirin da biyu, duka sun tafi. Na ɗaga hannu sama da takalmi ɗaya a ƙafa. Masu bulo suka yi mini tafi ba tare da sun san dalili ba.

Alhaji Sanusi ya kira ya ce sai yau ya tabbata da shi ake bikin. Ban gaya masa zancen K ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na gano wani abu kuma, da kaina, ba malami. Akwai madannin da ke ƙasa mai zane kamar gidan dara. In ka danne shi ka riƙe, ka gangara, duk sunan da ka bi ta kansa sai ya ɗauki alama, a jere, kamar mai shuka a kunya ɗaya. In ka sake bi ta kansu haka, su goge. Abin da ya kai ni rami ranar Alhamis, yau na yi shi kafin shayina ya huce.

Na nuna wa Bature. Ya ce ai ya sani tun tuni. Na miƙa masa wayar na ce bisimilla. Ya danna, ta koma Larabci.

Labari ya bazu. Na'ibin limamin unguwarmu ya zo da tasa wayar, yana son kiran 'yan kwamitin masallaci su goma sha biyu ba tare da matansu sun ji ba. Shugaban masu albasa ya zo. Na zaunar da su na yi musu darasi: zaɓi abu ne mai rai, in ka juya masa baya ya tashi. In waɗanda kake so sun fi yawa, sa wa kowa ka cire kaɗan. In kaɗan ne, bi su ɗaya ɗaya. Kafin ka tura, ƙirga. Na'ibi ya ce, "Malam Sa'idu, ashe boko bai tahi banza ba." Na ce aji biyu ne kawai, da na kai uku da yanzu ni ke ƙera su.

Ban gaya musu ta yadda na zama malami ba. Sun sani dai, duk sun sami gayyata.

Litinin, 17 ga Maris

Saude ta kira daga Bukkuyum. Ta ce Yaya ba ya karanta boko, ajami kaɗai, don haka ya kai wayarsa wurin mai caji na bakin kasuwa aka karanta masa, mutane cike da benci. Ya ce a sake. Aka sake. Ya karɓi wayarsa ya sa aljihu ya tafi.

Na ce fuskarsa fa?

Ta ce, "Yaya Sa'idu, ka san fuskar Yaya. Ko ranar sallah haka take."

Ta ce in kira shi mana. Na ce sabis ba kyau. Ta ce ai da shi muke magana yanzu.

Laraba, 19 ga Maris

Babbar nasara. Na gano wayar na da wurin da ake tara sunaye a yi musu garke, a ba garken suna, ya zauna har abada. Kira ba ya goge shi, barci ba ya goge shi. Da na san da wannan tun farko da takalmina bai sha wahala ba. Na yi garken Masu Inji na Gummi, na yi na Masallaci, na yi na Surukai.

Sai na zo kan Dangi, don ranar Lahadi za a yi zaman gida a tsayar da wa zai yi me. Na sa Saude, na sa 'ya'yan Gwaggo, na sa Kawu na Dareta. Mutum goma sha huɗu. Na gangaro K.

Na sa masa alama. Na cire. Na sa. Wani ya kawo inji na ce ya ajiye. Na cire.

Waccan karon yatsa ne, kowa na iya yi mini uzuri. Wannan karon babu kira, babu barci, babu wanda zan ɗora wa. Akwati ne fanko da ni. Na bar shi fanko na adana garke. Aikin ya fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ban san me ya sa na yi wa mai injin tsawa ba, bawan Allah bai yi komai ba.

Lahadi, 23 ga Maris

An yi zaman gida. Duk goma sha huɗun sun zo, ba ƙari ba ragi, shaidar cewa garkena na aiki. Kubura ta ce tunda na gayyaci duniya sai a ƙara goro da alawa, abinci kuwa na baƙin nesa ne kawai, sauran su ci albarka. Kawu na Dareta ya tambayi wa ke walicci. Na ce Alhaji Sanusi. Kawu ya ce, "Usmanu hwa?" Na ce an sanar da shi. Ya ce, "An sanar da shi ko an roƙe shi?" Na ce a zuba wa Kawu kunu.

Da aka watse Hamida ta same ni a zaure ina goge fulogi da ba ya buƙatar gogewa. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, Alhaji mutumin kirki ne, ban ƙi ba. Amma Baffa ne ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, kai kana Gusau. Inna ta faɗa mini. Shi ya kai ni makarantar allo a kan kekensa."

Na ce na sani.

"Ba na son a ce komi ranar nan. Ina son dai in ji muryarsa ta ce na bayar."

Na so in yi mata barkwanci, na laluba ban samu ba. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta ce amin, amma irin amin ɗin da innarta ke yi in ta san aikin nawa ne ba na addu'a ba.

Talata, 25 ga Maris

Direban motar Bukkuyum ya sauke buhun shinkafa a ƙofar gida. Na ce daga wa? Ya ce daga Malam Usmanu. Na ce da wane saƙo? Ya ce, "Cewa ya yi in aje in tahi."

Kubura ta kwance bakin buhu ta damƙo ta shinshina. Ta ce ta fadama ce, ta bana. Ta gonar ce, wato ɓangaren da ya rage.

Ko gudummawa ce, ko kuwa cewa yake ga abin da ka sayar. Na kasa karantawa. Wannan ba shi da madanni.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je na gaya wa Alhaji Sanusi komai. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce shi dai zai sa babbar rigarsa, in an buƙace shi yana nan.

Asabar, 29 ga Maris

Jiya ban iya rubutu ba. Yau ma hannuna bai gama dawowa ba, don na gaisa da mutum ya fi ɗari uku.

Bayan an sauko Juma'a layinmu ya cika har bakin titi. Mai facin taya da ƙannensa biyar. Bafulatanin nan da ƙwaryar nono kamar yadda ya alkawarta. Mutumin fulogi ya rungume ni. Dangin Zayyad da suka zo daga Gummi cikin mota biyu suka tsaya suna kallo, na ji ɗaya na cewa ashe surukin nasu babban mutum ne. Na gyara hula. Bature na bayana yana cewa, "Hwaɗa musu yatsa na, taubashi." Na taka masa ƙafa.

Na duba ko'ina ban ga Yaya ba. Aka shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, wakilin ango ya matso. Alhaji Sanusi na gefena. Liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Alhaji ya fara gyara riga zai matsa. Sai daga can baya, wajen da masu babura suka jingina, murya ta ce, "Ga ni."

Mutane suka buɗa. Ya tsufa. Ban shirya wa wannan ba. Gemun duk ya yi fari, kuma tafiyarsa ta koma irin ta Baba, har yadda yake riƙe gefen riga. Ashe tun kafin Juma'a ya iso, ya yi sallah a sahun baya ya tsaya cikin baƙi.

Na ce yau za a karanta mini tarihin gona a gaban mutum ɗari uku da na tara da hannuna. Alhaji Sanusi, Allah ya saka masa, ya ja da baya a hankali kamar dama gyara zama yake, ya ce, "Bisimilla Malam Usmanu, wurinka na."

Yaya ya zauna. Bai dube ni ba. Wakilin ango ya nemi aure sau uku kamar yadda ake yi, Yaya ya ce, "Na ba Zayyad ɗiyata Hamida." Ɗiyata. Da ƙarfi ya faɗa, har cikin gida an ji, don kafin a shafa fatiha guɗa ta tashi, kuma na san muryar Kubura ce ta fara.

Ni dai na zauna gefe ina amsa amin, aikin uba. Wani abu ya shiga mini ido, hayaƙin babura ne.

Daga baya Kawu na Dareta ya kama hannuna ya ce na yi hankali da na kira ɗan'uwana tun da wuri. Na ce ai Kawu irin wannan sai da tsari. Mutum uku sun ce mini auren da ya fi kowane jama'a ke nan bana. Na karɓi yabon duka, ban bar ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Yaya ya kwana biyu gidan Kawu Sa'adu mai goro, ba gidana ba. Ya shiga ya ga Hamida kafin a kai ta Gummi, sun daɗe, ta fito ido jawur tana murmushi. Yau da hantsi na ce zan kai shi tasha a babur. Ya hau. Duk hanya ina jin gwiwarsa a bayana.

A tasha na fara, "Yaya, ka ga saƙon da na..."

Ya ɗaga hannu. "Mai shayin bakin kasuwarmu ya samu irinshi. Da mai facin taya. Da wani Bello da ka gyara ma inji shekara ukku da sunka wuce. Ranar da anka karanta min, mutum huɗu kan bencin nan sunka ce su ma an turo musu."

Ya ci gaba.

"Na san ba ni ka zaɓa ba, Sa'idu. Cikin taro na faɗo. Na zaka don Hamida, ita ba ta saida komi ba." Ya sa ƙafa ɗaya cikin mota, ya juyo. "Amma ka iya tara mutane, wannan na ba ka. Baba ma bai tara haka ba."

Ina jin yabo ne. A bakin Yaya wannan yabo ne.

Mota ta tashi. Na tsaya har yaron mota na gaba ya tambaye ni ko Gummi za ni.

Laraba, 2 ga Afrilu

Gida ya yi shiru. Kubura na ta mayar da tukwanen aro. Na'ibi ya sake aiko mini mutum biyu su koyi garke, na koya musu, sun tafi suna sa albarka. Yanzu a unguwar nan in waya ta gagara, ni ake nema kafin Bature, kuma ya sani.

Bayan la'asar na rubuta saƙo gajere. Na san mai caji zai karanta shi a bakin kasuwa, benci cike, don haka na auna kowace kalma: Yaya, Sa'idu ne. Kai kaɗai na tura wa wannan. Asabar ina tafe.

Jerin sunaye ya fito. Na gangara, na sa alama ɗaya. Na hau har sama na sauko har ƙasa don in tabbata ba ta da abokiya. Na ƙirga, ɗaya. Na tura.

Kubura ta ga na fito da farar rigata a wanke. Ta ce ina zuwa? Na ce Bukkuyum, akwai injin da zan duba. Ta ce na wa? Na ce ba ki san shi ba. Ta ce to in tafi da goron da ya rage, mai injin zai so.

Sauran maganar ba ta shiga waya. Shekara shida ke nan tana kaina, kuma sai na tsaya gabansa a bakin turakun nan na faɗe ta da bakina. Tun ɗazu nake gwadawa a kan injin Alhaji Sanusi, har yanzu ban wuce "Yaya" ba.